Gwajin ruwan kwata don auna shaye-shaye: yadda ake yin sa, da abin da zai iya faɗa a Kano

Duk mai bin muhawarar shaye-shaye a Kano ya saba jin alƙaluma biyu. Na farko daga zauren Majalisar Dattawa ya fito a 2017, inda aka ce ana shan kwalabe miliyan 3 na maganin tari mai kodin a kullum a jihohin Kano da Jigawa. Na biyu ya fito ne daga babban binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, UNODC, wanda aka fitar a farkon 2019. Binciken ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 2.4 ne a faɗin Najeriya suka sha maganin tari ba don ciwo ba a cikin shekara guda.

In aka jera su wuri ɗaya, ba sa zama. Kafin na farko ya tabbata, sai dai duk masu shan maganin tari a ƙasar nan su tattaro su tare a Kano da Jigawa, kowannensu kuma ya riƙa shan fiye da kwalba ɗaya kullum ba fashi. Ko dai an yi wa na farko ƙari, ko na biyu ya gaza, ko duka biyun. Haka zancen da ake yawan yi cewa Kano ce ta ɗaya a shaye-shaye. Wancan binciken ya ba Kano kashi 16 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64, wato kimanin mutum 1,070,000, kuma ita ce kan gaba a Arewa maso Yamma. Amma shiyyar baki ɗaya kashi 12 ta samu, yayin da Kudu maso Yamma ta haura kashi 22.

Irin wannan ruɗanin ne ya sa ƙasashe da dama suka koma wa wata hanya da ba ta dogara da abin da mutum ya faɗa da bakinsa ba: a ɗebi ruwan dattin gari a auna.

Me ake nufi da gwajin ruwan datti?

Duk abin da mutum ya haɗiya, ko ya zuƙa, ko aka yi masa allurarsa, jiki ba ya riƙe shi. Hanta tana sarrafa shi, ƙoda kuma ta tace ta fitar da shi ta fitsari. Wani kaso yana fita yadda ya shiga, wani kuma yana fita a sauye, ya zama wani sinadari daban. Wannan sauyayyen shi za mu kira sawun ƙwaya a nan, domin kamar sawun ƙafa yake: yana nuna cewa abin ya bi ta jikin mai rai. Hodar iblis, alal misali, idan ta bi ta jiki tana fita a matsayin sinadarin da ake kira benzoyil-ekgonin. Idan aka ga wannan da yawa a ruwa, an san shan ta aka yi. Idan kuma hodar ce zalla ta yi yawa sawunta bai taka kara ya karya ba, alama ce ta cewa zubar da ita aka yi, wataƙila don gudun kamu.

Fitsarin dubban mutane yana haɗuwa a magudana ɗaya. Mai bincike sai ya ɗebi kwalba guda daga wannan mahaɗa, ya kai ɗakin gwaji, a tace, a sa a na'urar da ke rarrabe sinadarai tana auna nauyin ƙwayar kowanne. Na'urar tana iya ganin abin da bai wuce nanogiram kaɗan ba a cikin lita guda, nanogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram.

Da wannan aka bambanta shi da gwajin fitsarin da Kanawa suka sani, irin wanda hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta yi wa masu neman kujerun ƙananan hukumomi kafin zaɓe. Wancan na mutum ɗaya ne, da sunansa, sakamakon kuma a kansa yake faɗawa. Wannan kuwa na gari ne, babu suna a jikinsa.

Daga kogin Po zuwa biranen duniya

Wani masanin sinadarai a hukumar kare muhalli ta Amurka, Christian Daughton, shi ya fara kawo shawarar a 2001. Waɗanda suka fara gwada ta a aikace su ne Ettore Zuccato da abokan aikinsa a cibiyar Mario Negri da ke Milan a Italiya. A 2005 suka bayyana cewa kogin Po, wanda ke kwashe ruwan dattin mutum kimanin miliyan 5, yana ɗauke da sawun da ya yi daidai da hodar iblis kusan kilo 4 a kullum, wato kamar shaƙa 40,000 a rana. Adadin ya zarce abin da alƙaluman hukuma ke nunawa nesa ba kusa ba.

A 2011 wata ƙungiyar masu bincike mai suna SCORE ta auna birane 19 na Turai a mako guda da hanya iri ɗaya, aka kuma ci gaba da yi duk shekara, har biranen suka haura 100. Hukumar miyagun ƙwayoyi ta Tarayyar Turai da ke Lisbon ce ke wallafa sakamakon. Daga nan aka ga cewa hodar iblis ta fi yawa a biranen yamma da kudu, Antwerp ta Beljiyam na yawan zuwa kan gaba, ƙwayar metamfetamin kuma ta daɗe da kafuwa a Jamhuriyar Cek da Sulobakiya. Aka kuma ga cewa wasu ƙwayoyin suna tashi a ƙarshen mako saboda shagali, wasu kuwa ba sa sauka duk mako, abin da ke nuna masu shan su kullum suke sha. Ostireliya ta fara nata shirin na ƙasa a 2016, yana kuma rufe fiye da rabin al'ummarta. A nahiyarmu, masu bincike a Afirka ta Kudu sun yi irin wannan aikin. Annobar korona ta 2020 ta ƙara yaɗa hanyar, domin garuruwa da yawa sun kafa tsarin ɗibar ruwan datti don bin cutar, daga baya suka ga za a iya tambayar kwalbar nan wasu abubuwan.

Yadda lissafin yake

Lambobi huɗu ake buƙata. Yawan sawun a cikin lita guda, yawan litocin da suka wuce ta magudanar a rana, kason ƙwayar da jiki ke fitarwa a wannan siffar, da yawan mutanen da ruwansu ke bi ta nan. A ninka na farko da na biyu a samu nauyin sawun da ya wuce a rana. A gyara da na uku a samu nauyin ƙwayar da aka sha. A raba da na huɗu a ce miligiram kaza ga kowane mutum 1,000 a rana. A biranen da ke da bututun da ke kai duk ruwan datti wurin tacewa ɗaya, wato matata, ana kafa na'ura a bakin matatar tana tsotsar ɗan ruwa lokaci-lokaci har awa 24, a yi haka kwana 7 a jere.

Abin lura shi ne, amsar nauyi ce, ba yawan mutane ba. Giram 100 na tiramol zai iya zama na mutum 1,000 da kowa ya sha guda ɗaya, ko na mutum 100 da kowa ya sha goma. Ruwan ba zai bambance ba.

Ina alƙaluman da muke da su suka gaza?

Kowace hanya da makantarta. Kamen da NDLEA ke sanarwa yana auna ƙwazon jami'ai da sa'arsu kamar yadda yake auna kasuwa. Idan aka kama tan goma bana, bara kuma biyar, ana iya cewa shan ya ƙaru, ana kuma iya cewa samamen ne ya ƙaru. Sannan Kano mahaɗar fatauci ce, kayan da aka kama a nan ba lallai a nan za a sha su ba, wataƙila Nijar ko wasu jihohin suka nufa.

Binciken bi-gida-gida yana dogara ne da amsar mutane. A garin da kunya da tsoron hukuma da tsoron zubewar mutuncin gida suke da ƙarfi, ba kowa ne zai gaya wa baƙo mai takarda a hannu cewa yana sha ba. Ga tsada, ga ɗaukar lokaci, kafin a maimaita kasuwa ta sauya kama. Alƙaluman asibiti kuwa, irin na asibitin masu taɓin hankali da ke Dawanau ko na Malam Aminu Kano, suna nuna waɗanda abin ya kai su ƙasa har aka kawo su. Mata sun fi ɓacewa a duk waɗannan hanyoyi. Binciken na ƙasa ya ce a cikin masu shaye-shaye huɗu, ɗaya mace ce, amma matar aure da ke sha a ɗakinta ba samame ke kai wa gare ta ba, kuma ba kasafai dangi ke kai ta asibiti ba. Ruwan kwata yana ɗauke da nata kason, ko da yake ba zai ce na mace ne ba.

Akwai tambayar da Kano ke ɗauke da ita tun 2018. A farkon watan Mayun shekarar, kwana guda bayan binciken BBC kan kodin, ministan lafiya Isaac Adewole ya sanar da haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. A farkon 2024 kuma hukumomi suka rufe shagunan masu sarin magani a Sabon Gari don su koma sabuwar cibiyar da ke Dangwauro. Shin shan ya ragu, ko gudun gara aka yi aka faɗa gidan zago, masu shan suka koma tiramol da roci da makamantansu? Da a ce ana auna ruwan Jakara kafin matakan da bayansu, da an sami amsar da ba ta dogara da hasashen kowane ɓangare ba. Wannan shi ne babban amfanin hanyar: nuna hawa da sauka, da nuna sauyin kaya.

Kano ba baƙuwar ɗibar ruwan kwata ba ce

A Kano aka fara gwajin ruwan magudana don neman ƙwayar cutar shan inna a Najeriya, a 2011, a wurare irin su Jakara da Gogau a Fagge da Kurna. Ma'aikaci kan je da safe ya ɗebi ruwa, a sa a akwatin sanyi, a tura ɗakin gwaji a Ibadan. Dalilin yin hakan shi ne, a cikin yara kusan 200 da cutar ta kama, ɗaya ne kawai ke shanyewa, sauran suna yaɗa ta ta bayan gida ba a sani ba. Ruwan yakan tona cewa cutar tana yawo tun kafin a ga yaro ya kwanta. Wannan aikin yana cikin hujjojin da aka dogara da su har aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna na asali a watan Agustan 2020.

Ke nan akwai ma'aikatan da suka san magudanan birni, akwai taswira, akwai tsarin sanyi. Sai dai tambayoyin biyu ba ɗaya ba ne. A shan inna, akwai ko babu ake nema, kuma ganin ƙwaya ɗaya ya isa a tashi rigakafi. A miyagun ƙwayoyi kowa ya san akwai, nawa ne ake nema, awo kuwa ya fi gani wuya.

Matsalar magudana a buɗe

Nan ne Kano ta rabu da Milan. Birnin ba shi da bututun ƙasa guda da ke tattara ruwan bayan gida zuwa matata ɗaya, irin wanda wasu sassan Abuja ke da shi zuwa Wupa. Yawancin gidaje masai ne ko sokawe. Idan ya cika a kira mota, ko a kira masu kwasa da hannu, waɗanda ake yi wa laƙabi da gidan kowa da akwai. Abin da ke fita kwata shi ne ruwan wanka da wanki da wanke-wanke.

Wannan ba ya nufin kwatar ba ta da abin faɗa. A gidaje da yawa na cikin gari, ana yin fitsari a makewayi inda ake wanka, ruwan tsarki ya kore shi ta rariya ya faɗa kwata. Haka gidajen wanka na kasuwanni da tashoshin mota, da wuraren kama ruwa na masallatai. Tunda galibin sawun ƙwayoyi ta fitsari suke fita, akwai kaso mai yawa da ke isa lambatu. Kwatocin cikin birni da Fagge da Sabon Gari suna gangarawa Jakara, rafin Getsi ya kawo na Bompai ya haɗe, su tafi madatsar Wasai. A rani, kusan duk abin da ke gudana a Jakara ruwan gidaje da na kasuwanni ne.

Amma a duba lambobin nan huɗu a wannan yanayi. Yawan ruwan da ke wucewa ba shi da mita, yana sauyawa da sa'a, da ranar da aka kawo ruwan famfo, da sharar da ta toshe kwalbati. Da damina, musamman a Agusta, ruwan sama yana tsinka komai, ya kuma wanko abin da ya daɗe a kwance. Zafin bazara, da kan haura digiri 40, da rana da ke dukan ruwan kai tsaye, suna lalata wasu sinadaran kafin su isa inda ake ɗiba. Wani ruwan ma ba ya zuwa Jakara, a kududdufin unguwa yake tsayawa ko ƙasa ta shanye.

Yawan mutane kuma wata rigimar ce. Rabon da a yi ƙidaya tun 2006. Ko da an san mazauna, magudanar da ta bi ta Kantin Kwari ko Singa ko Kurmi tana ɗauke da fitsarin 'yan kasuwa da masu sari da 'yan dako da suka shigo da safe daga wasu unguwanni, wasu jihohi, har da ƙetare, za su kuma bar wajen da yamma. Idan aka raba abin da aka samu da yawan mazauna unguwar, an ɗora musu kayan da ba nasu ba.

Masu bincike suna da dabarun rage wannan. Ɗaya ita ce a auna wani sinadarin da kusan kowa ke fitarwa, kamar kafeyin da ke cikin shayi da goro, sai a kwatanta sawun ƙwayar da shi maimakon a dogara da ƙidaya. Wata ita ce a saka wani abu mai kama da soso a cikin ruwan ya kwana kwanaki yana tsotsar sinadarai, don kada sakamakon ya rataya a kan kwalba ɗaya da aka ɗiba da safiya ɗaya. Da irin waɗannan ba za a sami lambar da za a jera da ta Antwerp ba. Amma idan wuri ɗaya ne, hanya ɗaya, lokaci ɗaya na shekara, za a iya cewa tiramol ya ninka ko ya ragu da rabi, za a iya ganin ko azumi yana saukar da shi, ko Sallah da lokacin yaƙin neman zaɓe suna ɗaga shi kamar yadda ake faɗa a gari.

Akwai kuma karkatar da ta fi duk waɗannan nauyi. Gidan da ke Nasarawa GRA mai sokawe a rufe, fitsarinsa ƙasa yake shiga, ba ya zuwa inda mai kwalba zai same shi. Unguwa mai cunkoso da kwata a ƙofar gida ita ce ruwanta ke bayyana. Duk wanda ya karanta sakamakon bai san da wannan ba zai ɗauka shaye-shaye na talaka ne kawai, alhali bambancin bayan gida ya auna.

Wace ƙwaya ke fitowa, wacce ke ɓoyewa?

Tiramol yana cikin masu sauƙin gani. Kaso mai yawa na fita ta fitsari bai sauya ba, kuma ba ya saurin lalacewa a ruwa. Matsalarsa ita ce magani ne halastacce. Hukumar NAFDAC ta amince da mai ƙarfin miligiram 50 da 100, wanda ake kamawa kuwa yakan kai 200 ko 225 ko fiye. A cikin ruwa duk ɗaya suke. Sai an san yawan wanda asibitoci da kemis suka bayar bisa ƙa'ida kafin a cire shi a ga saura. Kodin ma haka, ga kuma wani rikici: jiki yana mayar da wani kasonsa mofin, ƙwayar heroyin ma mofin take komawa, asibiti kuma yana ba masu ciwon daji da masu sikila shi mofin ɗin.

Tabar wiwi, wadda binciken ƙasa ya ce mutum miliyan 10.6 ne ke sha, tana da wuyar awo, domin sawunta yana manne wa laka da datti maimakon ya narke a ruwa. Sholisho da fetur da sauran abubuwan da ake shaƙa, wani kasonsu ta numfashi yake fita, abin da ke bi ta fitsari kuma abinci ma yana samar da irinsa. Wato abin da yaran kan titi suka fi shaƙa shi ne wanda hanyar ba ta kamawa. Gadagi da a-kurkura da zaƙami kuma sai an fara tantance abin da ke cikinsu, domin na'urar abin da aka ce ta nema take nema. Idan sabuwar ƙwaya ta shigo, kamar haɗin tafentadol da Indiya ta haramta haɗawa a watan Fabrairun 2025 bayan ya cika kasuwannin Afirka ta Yamma, sai an sa sunanta a jerin kafin a gan ta.

Wani labari daga maƙwabta yana da darasi a nan. A 2013 wasu masu bincike suka sanar cewa sun sami tiramol a saiwar tafashiya a Kamaru, suka ce itaciyar ce ke samar da shi da kanta. Shekara guda bayan haka wata tawaga daga Jamus ta nuna cewa a arewacin Kamaru manoma suna shan tiramol, suna kuma ba shanun noma don su jure aiki, fitsarin mutane da na dabbobi ne ya shiga ƙasa itaciyar ta tsotsa. A birnin da ake kiwo a cikin gida, ga dawakai, ga mayanka a Fagge da ruwanta ke bin Jakara, dole a tambayi kason da ya fito daga dabba kafin a ɗora wa mutane.

Masu goyon baya da masu taka-tsantsan

Hujjar masu goyon baya a fili take. Ba a tambayar kowa, ba a shiga gidan kowa, sakamako yana fitowa cikin makonni, kuma kwalba ɗaya tana wakiltar dubban mutane a kan kuɗin da bai kai na bi-gida-gida ba. Gwamnati za ta san inda ya kamata ta sa cibiyar gyaran hali, maimakon komai ya taru a Kiru ko Dawanau, za ta kuma san ko dokar da ta kafa ta yi aiki. Jami'an tsaro suna da tasu buƙatar. A Sin, an ruwaito a 2018 cewa 'yan sandan birnin Zhongshan sun bi sakamakon ruwa har suka kai ga mai haɗa ƙwaya suka kama shi. Ga mai ganin yadda daba da ƙwacen waya suka addabi unguwanni, wannan abin so ne.

Masu taka-tsantsan ba ƙaryata ilimin suke yi ba. Damuwarsu ita ce, rashin suna yana tabbata ne idan mahaɗar tana da girma. Idan aka bi magudana ana hawa sama, daga Jakara zuwa lambatun unguwa, zuwa kwatar lungu, zuwa rariyar makaranta ko gidan haya ɗaya, ba gari ake aunawa ba kuma, mutane ne da ake iya nunawa da yatsa, ba tare da an nemi izininsu ba. Shi ya sa ƙa'idojin da masu binciken Turai da Ostireliya suka rubuta suka ja kunne kan gwaji a makarantu da gidajen yari da wuraren aiki. A Ostireliya ma, inda hukumar leƙen asirin laifuka ce ke ɗaukar nauyin shirin, jami'o'i ne ke yin gwajin, kuma ba a bayyana sunayen matatun da aka ɗiba a rahoto.

A Kano wannan muhawarar za ta taɓo addini. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, kare hankali kuma yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo don kiyayewa. Awo a mahaɗar mutum dubu ɗari ba ya tona asirin kowa, awo a ƙofar gida kuwa yana yi. A ɓangaren doka, sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin mutum da gidansa, dokar kare bayanai ta 2023 kuma a kan bayanin da za a iya danganta shi da wani mutum take magana. Ruwan mahaɗa babba bai shiga wannan ba, wanda ke nufin kariyar unguwa daga ɓacin suna sai an rubuta ta cikin ƙa'idar shirin kansa.

Sai batun yarda. Garin da bai manta gwajin maganin sanƙarau na 1996 ba, wanda kuma ya dakatar da rigakafin shan inna daga 2003 zuwa tsakiyar 2004 saboda zargi, ba wurin da za a ga baƙi da safar hannu suna ɗibar ruwa a yi shiru ba ne. Akwai haɗarin da ya kamata a auna: idan mutane suka fara ganin mai ɗibar ruwa a matsayin ɗan leƙen asirin hukuma, ma'aikacin shan inna ne zai fara shan jifa. Hujjar raba ayyukan biyu, da sanar da masu unguwanni da dagatai da limamai tun farko, ta fi hujjar haɗa su don rage kuɗi ƙarfi.

Me zai taɓa a rayuwar mutane?

Ga magidanci, babu abin da zai sauya a gidansa. Ba a ƙwanƙwasa ƙofa, ba a karɓar fitsari, kuma kwalbar da aka ɗiba a Jakara ba ta zama shaida a kan wani a kotu. Uwar da ke zargin ɗanta ma ba za ta sami amsa a nan ba.

Inda abin zai iya ciwo shi ne yadda za a faɗi sakamakon. Idan aka wayi gari rediyo da Facebook suna cewa unguwa kaza ce ta ɗaya a tiramol, saurayin unguwar zai ji a jikinsa ranar da dangin yarinya suka zo bincike, mai neman aiki zai ji, mai gidan haya zai ji, samame kuma zai ƙaru a kan mai laifi da mara laifi. In an bayar da shi a matakin birni ko na manyan magudanai, aka ce kaza ya hau kaza ya sauka, wannan cutarwar ta ragu sosai kuma amfanin bai ragu ba.

Marasa lafiya na gaske su ma suna cikin lissafi. Mai sikila da mai ciwon daji da wanda aka yi wa tiyata suna buƙatar magungunan nan, kuma samun mofin a asibitocinmu dama da wuya. Lamba mai firgitarwa da ba a cire kason asibiti daga cikinta ba tana iya jawo ƙarin takura a kansu. Manoman rani da ke ban ruwa da Jakara a wajen Kwakwaci da Gama kuma za su iya rasa masu sayen latas da kabeji idan aka ji an sami ƙwaya a ruwan, ko da yake matsalar wannan ruwa ta fuskar lafiya ta fi karkata ga ƙwayoyin cuta da dattin masana'antu.

Sai kuɗi. Na'urar tana da tsada, tana son wuta da ba ta ɗaukewa, da ƙwararren ma'aikaci, da samfurin kowace ƙwaya na asali da za a kwatanta da shi, wanda shigo da shi sai da izinin hukuma. Dole kuma a sanyaya ruwan tun daga bakin kwata har ɗakin gwaji. Jami'ar Bayero da sauran jami'o'in jihar suna da masana sinadarai da suka daɗe suna nazarin ruwan Jakara da Challawa, don haka ba daga sifili za a fara ba. Sai dai gwaji sau ɗaya ba ya nuna hawa ko sauka. Wurare uku ko huɗu da za a riƙa ɗiba duk rani na shekaru biyar sun fi wurare talatin da za a ɗiba sau ɗaya a kira taron manema labarai, kuma kuɗin shekarun nan biyar sai ya kasance a kasafin jiha tun kafin a ɗebi kwalbar farko.